Mitar Ruwa Ta Ce Ba Ma Zaune a Gidanmu

Ranar Litinin ina bisa kujera ina rataye curin daddawar waken suya a ƙarƙashin rufi, sai mai kawo wasiƙa ya miƙo mini ambulan ta saman katanga, jan hatimi har uku a jikinsa. Na sauko, na goge hannu a wando, na ɗauko tabarau na karanta a hankali. Ashe ba na nan. Ni Pyo Malsun, da aka kawo ni Bamsil amarya shekara hamsin da takwas da suka wuce, wadda ko asibiti aka kwantar da ni sai na gudo don kada matar ɗana ta taɓa mini tukwanen kimchi, wato tsimin kabejinmu mai yaji, takarda ta ce ba a gidan nan nake zaune ba. Ɗana Gitae ba ya nan, matarsa ba ta nan, jikata Narae ma ba ta nan. Na dubi karenmu, shi ma ya dube ni. Na ce masa, "To kai kaɗai ka rage, sai ka hau ka ƙarasa ratayar."

Wasiƙar daga Kwamitin Tantance Ainihin 'Yan Ƙauye ta fito, Allah ya ƙara musu tawada. Kun san jami'o'i suna ware 'yan gurabe don 'ya'yan manoma da masunta, muddin yaro da iyayensa sun yi shekara shida cur a ƙauye. Narae ta samu ɗaya, za ta karanta aikin likitan dabbobi. Ran da sakamako ya fito, mai unguwarmu Tak sau uku ya faɗa a lasifikar gari, na ukun har da kuka. Yanzu kuma takarda ta ce an dakatar da gurbin. An ba mu zuwa ranar Juma'a ƙarfe goma na safe mu kawo hujjar cewa muna zaune a inda muke zaune, in ba haka ba a miƙa wa na bayanta a layi.

Dalili kuwa, masu girma sun duba mitar ruwa da ta wutar gidanmu na shekara shida, sun ga abin da muka sha bai kai na kabari ba.

To a nan dole in sunkuyar da kai kaɗan, ba da yawa ba, wuyana yana ciwo. Ni ce. Ruwanmu daga idon ruwan kan tudu yake zuwa, ta tiyon da marigayi mijina ya binne da hannunsa, to me zai sa in murɗa famfon gwamnati? Ɗumin ɗaki da itace muke yi. In sanyi ya shigo sosai, daga karin kumallo sai mu kwashi jiki mu tafi zauren tsofaffi, inda ƙasa take da ɗumi a aljihun hukuma, Narae ma can take karatunta a kusurwa. Firji da tukunyar shinkafa da talabijin kuwa duk suna cikin rumfar ledar da Gitae yake noman kokwamba, don wutar gona ta fi arha, kowa ya sani, kowa yana yi, ni dai na fi kowa iyawa. Duk ƙarshen wata sai in zagaya bayan gida in leƙa mitar, in na ga ba ta motsa ba in ji kamar an naɗa ni sarauta. Ƙawata Okbun shekara da shekaru tana neman ta kamo ni, har ta taɓa yin wata guda tana wanka a duhu, ba ta kamo ni ba.

Narae ta dawo daga makaranta ta karanta takardar a tsaye, jaka a baya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Kaka, shekara shida ina ce miki ki bar ni in kunna fitilar ɗakina." Ta wuce wajen saniya ta zauna a kan bokiti. Gitae ya ce, "Inna," ya koma rumfarsa.

Saura kuma laifina na biyu, wanda ya fi na farkon nauyi. Mu a Bamsil in aka ƙirga kawuna ashirin da uku ne, amma a takarda mun kai sittin da ɗaya. Sauran mutanen birni ne masu ƙaunar karkara, irin ƙaunar da take farawa ran da yaro ya shiga sakandare ta ƙare ran da ya shiga jami'a. Tsohuwar garkar shanun Tak ma akwai iyali mutum huɗu a cikinta, uban lauya ne. Makullan gida uku daga cikin gidajen nan a hannuna suke. Kullum da safe sai in tura tsohon keken jarirai da nake dogarawa in bi su ɗaya bayan ɗaya, in saki famfo, in kunna talabijin, in ja ruwan bayan gida sau huɗu, in akwai jita-jitar masu bincike har buroshin haƙori nake jiƙawa. Da farko an ce mini don kada bututu ya daskare ne. Ban tambayi wane bututu ne yake daskarewa a tsakiyar bazara ba. Duk bikin girbi kuma sai kwalin naman shanu ya iso, irin mai layin kitse kamar zane, nama kuwa in yana baki tambaya ba ta samun hanyar fita.

Mitocin gidajen nan uku sun ci jarrabawa da yabo. Kuma 'yar ƙanwar Okbun da take dafa abinci a makarantar su Narae ta tabbatar mana cewa na bayanta a layi Sihun ne, ɗan gida na biyu, mai koren buroshi. Kullum daga birni ake kawo shi makaranta a baƙar mota, a mayar da shi. Wato ni da hannuna na kori jikata daga ƙauye, na zaunar da shi.

Talata na hau motar ƙarfe bakwai da minti goma na tafi ofishin kwamitin da jaka cike da hujja: hoton Narae a bakin rafi, hotonta a kan tarakta, haƙorinta na fari da na ajiye a kwalbar magani. Ma'aikacin da na tarar mai ladabi ne ƙwarai, har ya ba ni shayin sha'ir.

"Kaka, hoto ba ya nuna kwana. Mutum yana iya zuwa ya ɗauki hoto ya koma."

"Haƙorin fa?"

"Haƙori ba ya cikin jerin."

Ya danna na'urarsa ya ɗan yi murmushi. "Amma akwai labari mai daɗi. A adireshinku akwai wadda zamanta ya tabbata shekara bakwai ba yankewa. Lamba sifili-huɗu-ɗaya-tara."

"Saniyarmu ke nan."

"Eh, tana da alama a kunne, kuma duk allurar da aka yi mata an rubuta wurin."

"To ɗana, in ita ta cika sharaɗi, a ba ta gurbin mana. Likitancin dabbobi ne, ta san abin daga ciki."

Ya duba da gaske, wallahi ya duba, sannan ya ce ba ta gama sakandare ba.

Da na dawo zaure ana cin abincin rana, na ba da labari, sai Malam Seok, tsohon malamin lissafi, ya ajiye cokali ya gyara murya. Duk ran da ya gyara murya Okbun takan rage ƙarar na'urar jin da take sawa a kunne.

"Ni dai, Kakar Narae, in za a faɗi gaskiya, kason nan na 'yan ƙauye tun asali ba adalci ba ne. Jarrabawa ɗaya ce, rana ɗaya, tambaya ɗaya. Wanda ya fi maki ya shiga, shi ke nan."

"Malam, gobe mu yi tsere zuwa tasha, kai a babur ɗinka, ni da keken jariraina. Rana ɗaya, hanya ɗaya."

"Wannan daban."

"Ina bambancin? Malamin Turancin su Narae makaranta uku ke rabonsa, ranar Laraba kaɗai suke ganin fuskarsa, in ƙanƙara ta tare hanya sai wata Larabar. Yaron birni kowane darasi da malaminsa na haya, har da wanda yake koya masa yadda ake zaɓen malami."

Okbun ta cafe. "Kai da ka yi shekara talatin kana koyarwa a nan, yara nawa ka kai jami'a?"

"Yaran ne ba su sa kai ba."

"Naka ɗan fa, da ya zama injiniya?"

"Shi ai birni na kai shi tun yana aji huɗu."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya ɗauki cokalinsa, ya ce miyar yau gishiri ya yi yawa.

Laraba sai ga baƙar mota a ƙofar gida. Maman Sihun ta fito da takalmin roba na shiga gona, sabo fil, takardar kanti tana lilo a dunduniya. Ta rusuna har ƙasa, ta ajiye kwali.

"Iya, na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Narae yarinya ce mai kai, baɗi ma za ta ci."

"Baɗi da wane malami, 'yar nan? Na Larabar?"

Sai idonta ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne, na san na ƙarya, ni ma ina yi. Ta ce, "Iya, ɗana awa goma sha huɗu yake karatu kullum tun yana ɗan shekara tara. Gashin kansa zubewa yake. A unguwarmu duk yaran haka suke, in ka zo na ashirin a aji kamar ka mutu ne. Shi bai sha wahala ba? Don dai ba a gaban saniya ya sha ta ba?"

Na ce mata wahala kam ya sha, amma ƙofa tara aka buɗe masa, mu ɗaya aka tsaga mana a jikin katanga, ita ɗin ma ya zagayo ya tsaya a bakinta. Ta ce ita dai abin da take roƙo, makulli ya zauna a aljihu, baki ya zauna a rufe. Ta tafi ta bar kwalin. Na buɗe don in san abin da zan mayar, wanda ya fi na kullum kyau ne. Sai da na zauna na huta.

Alhamis ba mu da komai a hannu. Ina zaune a zaure kamar an jiƙa ni, Okbun don ta ba ni dariya ta fara labarin ran da Narae ta faɗa ramin taki. Wata ta gyara mata rana, wani ya gyara mata kalar takalmi, kafin ka ce me mutum tara suna magana lokaci guda. Na miƙe tsaye ba tare da keke ba, abin da rabona da yi tun bara. Na ce, "Tak, je ka kunna lasifika."

Juma'a mu goma sha ɗaya muka cika motar safe, da sanduna da kekunan jarirai da dafaffen ƙwai. Narae tana tsammanin rakiya muka yi mata.

A ɗakin taro mun tarar da Mai Girma Babban Mai Hatimi a tsakiya, ransa ya daɗe, a damansa Mai Girma Mai Buɗe Masa Murfin Tawada, a hagu wata mata tana buga duk abin da aka faɗa a na'ura. Babban ya ce a gabatar da takardu. Na ce takardunmu da ƙafafunsu suka zo, ga ta shekarar farko nan. Okbun ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, watan uku, satin da ta shiga sakandare, ta bi ɗan maraƙi da sabon kayan makaranta ta zurma ramin takinsu har wuya. Ni na wanke ta da tiyo. Kwana shida direban mota yana buɗe tagogi, ga sanyi."

Narae ta ce, "Kaka, me ake yi haka?"

Tak ya miƙe, ya cire hula. "Shekara ta biyu, ranka ya daɗe, ta sace mini busasshiyar kanya a ƙarƙashin rufi, guda goma sha takwas, ta cinye a zama ɗaya. To ka san aikin kanya. Kwana huɗu ba ta zaga ba. Duk wanda ya gamu da uwarta sai ya ce, ta yi? Ran na biyar don in hutar da mutane na sanar a lasifika."

"Ashirin ne," in ji Okbun.

"Sha takwas! Kanyata ce ko taki?"

"Biyun da kake cewa kare ne, ita ce, ni na ga ƙwallon a aljihunta!"

Sai da Mai Murfin Tawada ya shiga tsakaninsu. Matar da take bugawa ta tambaya wanne za ta rubuta, aka ce ta sa duka biyun. Narae ta ja hular rigarta ta rufe fuska.

Aka yi shekarar da ta yi wa kanta aski don ta yi kama da wata mawaƙiya, ta ƙare damina cikin hular ubanta. Aka yi shekarar wasiƙar soyayya, wadda ta rubuta wa ɗan mai kawo tukunyar gas ta jefa a jakar da ba tasa ba, jakar ta zo zaure. Malam Seok, wanda ya ce shi kallo kawai ya zo, shi ya miƙe ya kawo ta da ka tun daga gaisuwa har zuciyar da aka zana a ƙasa. Aka yi shekarar da ta tuƙa injin huɗa ya shige gonar shinkafar Okbun ya tsaya a tsakiya kamar tsibiri.

Ta shida Gitae ne ya faɗa, ɗana da ba ya haɗa jimla biyu a rana. Ya ce watan biyu na bana maraƙi ya juye a cikin saniya, likita ya ce ƙanƙara ta toshe hanya sai jibi. Narae ta tuɓe riga ɗaya, ta zura hannu har kafaɗa, ta fi awa tana lalube har ta juyo shi ya fito da rai. Ya ce daga nan ta juya ta yi amai a cikin takalmin Tak.

"Na hagu," in ji Tak. "Har yau ban sa shi ba."

Babban Mai Hatimi ya yi tari, ya ce duk ya ji, kuma abin ya taɓa shi, amma fom ba shi da gurbin tsegumi. Ya ce mutum yana iya ƙarya, mita ba ta ƙarya.

Na tura kekena har gaban teburinsa, na zaro makullai uku na jera masa.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe, ba ta ƙarya. Ni nake yi mata."

Na faɗi komai, famfo da talabijin da buroshi, har naman. Sannan na juya na ce, "Jama'a, yanzu a ba mai girma labarin Sihun. Shekara shida yana Bamsil. Wa zai fara?"

Tunda nake ban taɓa jin mutanen garinmu sun yi shiru irin wannan ba, ko a jana'iza. Okbun ta yi ta juya ido tana nema, don ba ta son a ce akwai wanda ba ta da labarinsa. Can ta ce, "Yaya, ko tarinsa ban taɓa ji ba."

Matar da take bugawa ta ce a hankali, ba ta ɗaga kai ba, wai a ƙasan jerin hujjoji akwai layin da ya ce "ko makamancin haka". Babban ya dubi layin, ya dubi agogo, sha biyu saura kwata, ya ga tsofaffi biyar sun ɗaga hannu suna da ƙarin bayani a kan kanya. Aka buɗe masa murfi. Ya buga.

Gurbin Narae ya dawo. Bayanin zaman, shafi goma sha huɗu, an haɗa shi da takardunta an aika jami'a, kuma an ce ba a cirewa, zai bi ta har ta gama. Tun ranar ba ta yi mini magana ba, sai dai ta wurin uwarta. Kwalin nama na mayar ta hannun direban baƙar motar, kusan cikakke. Ana kuma cewa wani zai zo duba wayar da ta tashi daga rumfar kokwamba, sai ya zo.

Jiya kuma na ji Mai Girma Babban Mai Hatimi a rediyo yana cewa tunda bincikensu mai zurfi ya bankaɗo maguɗi a kason 'yan ƙauye, za su duba ko lokaci ya yi da za a soke shi gaba ɗaya, don a yi wa kowa adalci. Kai, ilimi daɗi! Ni da ban wuce aji uku ba, da cewa zan yi a kori lauyan daga garkar shanu a bar wa yaranmu ƙofarsu. Ashe gyaran shi ne a toshe ƙofar, lauya ya koma ta ƙofofinsa tara, namu su koma jiran Laraba.

Mu dai ba mu zauna ba. Yarinya ɗaya ta rage mana a gari, Haneul, 'yar masu kiwon kaji, shekararta bakwai. Mun raba kwanakin sa mata ido, ni Litinin da Alhamis, Okbun Talata da Juma'a, Malam Seok yana rubutawa da kwanan wata. Shekaranjiya ta cusa wake a hanci, muna da shaidu uku. Abin da nake roƙon masu girma, in soke abin za su yi su faɗa da wuri, kada mu tona wa yarinya asiri a banza.